Yaran da ke Tara Kuɗi Saboda Ciwon Fatar 'Yan'uwansu

A Birtaniya akwai wata al'ada da ta zauna da gindinta a makarantu da unguwanni. Yaro ɗan shekara 7 ko 10 zai ɗaura niyyar yin wani abu mai wuya, kamar tafiyar ƙasa mai nisa, ko ninƙaya, ko ya wuni bai ce uffan ba. Dangi da maƙwabta da malamai su yi alkawarin ba da kuɗi in ya cika, sannan a miƙa abin da aka tara ga wata ƙungiyar agaji. Cututtukan da jin sunansu kaɗai ke sa gaban mutum ya faɗi, irin su sankara da ciwon zuciya, su suka fi jan hankalin masu bayarwa. Amma a cikin waɗannan yara akwai waɗanda abin da ya tashe su tsaye shi ne ƙaiƙayi. Suna da ƙane ko ƙanwa, wa ko ya, mai fama da cutar fata da likitoci ke kira ekzima. Mai ji daga nesa zai iya cewa ƙaiƙayi bai kai a kafa masa gidauniya ba. Yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da mai cutar ya san ya kai.

Ekzima iri-iri ce, amma wadda ta fi kama yara ita ce mai alaƙa da gado, wadda takan sauka a gida ɗaya da asma da yawan atishawar da ƙura ko furen tsirrai ke tayarwa. Ƙungiyar National Eczema Society ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 5 da babba 1 cikin 10 a ƙasar suna da ita. Takan fara tun yaro yana goye. Ga jariri an fi ganin ta a kumatu da kai, in ya girma sai ta koma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya. Fata ta bushe, ta yi kaushi, ta tsattsage, wani lokaci ta riƙa tsattsafo da ruwa. Takan lafa na makonni har iyaye su yi zaton ta tafi, sai kuma ta taso kamar ba a taɓa yi mata magani ba.

Tushen matsalar yana saman fata. Fatar mutum kamar katangar ƙasa take, wadda yaɓe ke rufe tsakanin tubalanta: muddin yaɓen na nan, danshin jiki ba ya fita, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta ba sa shiga. Ga mai ekzima yaɓen ne ya yi rauni. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sikotlan, ƙarƙashin Farfesa Irwin McLean, suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke samar da wani sinadarin fata mai suna filagrin tana daga cikin manyan dalilan cutar, kuma kusan mutum 1 cikin 10 na Turawa yana ɗauke da wannan tangarɗa. Idan abubuwan waje suka kutsa, garkuwar jiki ta tayar da kumburi, kumburi ya kawo ƙaiƙayi, yaro ya sosa, susa ta ƙara yage fatar, ƙaiƙayi ya ƙaru. Wannan zagaye shi ne cutar. Shi ya sa tsawar da manya ke yi wa yaro cewa ya daina susa ba ta taɓa yin aiki ba. Ko yana barci hannunsa yana kan fatarsa.

Ba a ɗaukar ekzima daga wani, ko an haɗa shimfiɗa, ko an ci abinci a kwano ɗaya. Wannan magana ita ce ta fi wuyar shiga kunnen jama'a a ko'ina, kuma rashin shigarta ne ke sa a gudu daga yaro a filin wasa. A Najeriya akwai ƙarin ruɗani, domin an saba kiran ƙyasbi da sunan ekzima, alhali ƙyasbi da makero ƙwayoyi ne dangin fumfuna ke kawo su, ƙazuwa kuma wani ɗan ƙwaro ne da ke shiga ƙarƙashin fata. Maganinsu ya sha bamban, har man da ke kwantar da ekzima yana iya ƙara wa makero faɗi. Haka nan ekzima ba ta bayyana iri ɗaya a kowace fata. Jan da littattafan likitanci suka daɗe suna nunawa ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Wurin yakan yi duhu ne, ko toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje, kuma bayan ya warke ya bar tabo mai duhu ko mai haske na tsawon watanni. Tangarɗar filagrin da aka samu a Turawa ba ta da yawa a 'yan Afirka, amma cutar tana nan: wani bincike da aka wallafa a 1995 ya samu cewa yaran baƙar fata 'yan asalin Karebiya da aka haifa a Landan sun kusa ninka fararen yara wajen kamuwa da ita. Duk wanda ya ga yadda hunturu ke busar da fatar mai lafiya zai iya hasashen abin da yake yi wa fatar da tun asali ba ta riƙe danshi.

Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ekzima gaba ɗaya. Abin da ake da shi shi ne kula ta kullum, kuma a nan ne nauyin ya faɗo wa gida. Dole a riƙa shafe yaro da man da ke tausasa fata sau da dama a yini, ko cutar ta taso ko ta lafa. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawara a 2007 cewa a rubuta wa yaro giram 250 zuwa 500 na irin wannan mai a kowane mako, wato har rabin kilo. In cutar ta taso sai a ƙara da mai mai sitiroyid, wanda aka fara amfani da irinsa na farko a fata a 1952. Likitoci suna auna shi da gaɓar yatsa: abin da aka matso daga kan yatsan manuni na babba zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram, ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu. Iyaye da yawa suna tsoron wannan mai har su riƙa shafa ƙasa da abin da ya kamata, cutar ta yi ta jan lokaci. Akwai kuma akasin haka, wanda aka sani a kasuwannin Afirka ta Yamma, inda ake sayen mai mai ƙarfin sitiroyid ba tare da ganin likita ba, a yi ta shafawa har fata ta yi sirara. Bayan mai, sai yanke farce, da safar hannu ta auduga da dare, da naɗe jiki da bandeji mai laima in abin ya yi tsanani, da gudun sabulu mai ƙamshi da tufafin ulu da zafin ɗaki. Sai kuma sa ido kan ƙwayoyin cuta, domin fatar da ta tsage ƙofa ce a buɗe. Mafi haɗari shi ne ƙwayar bairos mai kawo ƙurajen leɓe. In ta shiga fatar mai ekzima tana bazuwa da sauri, kuma asibiti ake nufa nan take.

Da dare ƙaiƙayin ya fi tsananta. Yaro ya farka yana kuka, a tashi a shafa masa mai, a canza zanen gadon da ya ɓaci da jini, a lallashe shi, bayan awa biyu a sake. Wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostireliya, aka wallafa a 1997, ya samu cewa kula da yaro mai matsakaiciya ko matsananciyar ekzima ya fi takura iyali a kan kula da yaro mai ciwon sukari irin wanda ake yi wa allurar insulin kullum. Wannan sakamako yakan ba mutane mamaki, amma bai ba iyayen da ke cikin lamarin mamaki ba.

A cikin irin wannan gida akwai wani yaro da ba kasafai ake tuna shi ba, wato ɗan'uwan da ke da lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ma barcinsa yana yankewa, ya tafi makaranta yana gyangyaɗi. Lokacin da uwa za ta zauna ta duba masa aikin gida ya tafi wajen shafa mai. An fasa zuwa ninƙaya saboda ruwan yana yi wa fatar ƙanwarsa zafi, an hana shi kyanwa ko kare, an canza sabulun gidan gaba ɗaya. A makaranta shi ake tambaya me ya sami fuskar ƙanensa, shi ne kuma ke tsayawa in ana tsokanar yaron. Yakan ji tausayi, yakan ji haushi, sannan ya ji kunyar haushin da ya ji, ya haɗiye, domin ya ga iyayensa sun gaji. Dokar yara da iyalai ta Ingila ta 2014 ta ba yaran da ke ɗaukar nauyin jinyar wani a gida haƙƙin a duba bukatunsu, kuma akwai ƙungiya mai suna Sibs da ta keɓe kanta ga 'yan'uwan nakasassu da masu doguwar jinya. Sai dai mafi yawan 'yan'uwan masu ekzima ba su kai matsayin da hukuma za ta shigo ba. Suna tsaye ne kawai suna kallon wahalar da ba su da ikon ragewa.

Wannan rashin abin yi shi ne asalin tara kuɗin. Yaro ba zai iya ɗauke wa ƙanensa ƙaiƙayi ba, amma zai iya zagaya filin makaranta sau 50, ko ya toya kek ya sayar a bakin aji, ko ya roƙi shugabar makaranta a keɓe rana guda da ɗalibai za su zo da kayan gida kowa ya biya fam 1. Da can takarda ake zagawa da ita, kowa ya rubuta sunansa da abin da ya yi alkawari. Yanzu an fi amfani da shafukan intanet irin su JustGiving, wanda ya fara aiki a 2001, inda uba ko uwa ke buɗe wa yaron shafi, kuɗin kuma su wuce kai tsaye zuwa asusun ƙungiyar ba tare da sun biyo ta hannun iyali ba. Gwamnati ma tana sa hannu ta wani tsari mai suna Gift Aid da aka fara a 1990: idan mai bayarwa yana biyan haraji a Birtaniya kuma ya amince, a kan kowane fam 4 da ya bayar ƙungiyar za ta karɓi ƙarin fam 1 daga hukumar haraji. Kuɗin cinikin kek ba ya shiga wannan tsari, domin wanda ya saya ya karɓi abu a madadin kuɗinsa.

Wasu yaran sun yi suna a wannan fage. Max Woosey, wanda ya fara kwana a tanti a bayan gidansu da ke Devon yana ɗan shekara 10 a watan Maris na 2020, ya shafe shekara 3 yana yin haka, ya tara wa wani gidan kula da marasa lafiyan da ke kwanakinsu na ƙarshe fiye da fam 700,000. Irin wannan labari ba kullum ake samun sa ba, kuma bai kamata a auna sauran yara da shi ba. Abin da yaro ke tarawa saboda ekzima yawanci kaɗan ne, daga aljihun kakanni da malamai da abokan aikin iyaye yake fitowa. Darajarsa ba ta tsaya ga yawansa ba. Kafin yaro ya karɓi ko fam 1 sai ya bayyana wa mutum dalilinsa, kuma a cikin bayanin ne aji guda na yara ke jin cewa cutar ba ta yaɗuwa, cewa abokinsu ba ƙazami ba ne, cewa man da yake fita ya shafa a tsakiyar darasi magani ne. Abin da likita zai faɗa a manta, in ya fito daga bakin yayan yaron yakan zauna. Shi kuma mai ciwon, wanda ya saba ganin kansa a matsayin mai hana kowa barci, ya ga ɗan'uwansa ya fito fili ya tsaya masa.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai iya tambayar bambancin wannan da bara. Bambancin a bayyane yake. Yaron ba ya cin ko kwabo daga abin da ya tara, karatunsa bai tsaya ba, kuma ƙungiyar da za ta karɓa tana da lambar rajista, tana miƙa lissafin shige da ficenta ga hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji, wanda kowa zai iya dubawa. Doka a Ingila da Wales ba ta yarda wanda bai kai shekara 16 ba ya bi gida-gida yana karɓar kuɗin agaji. Saboda haka aikin yaro ya tsaya ga mutanen da aka sani, a ƙarƙashin idon babba, kuma babban ne ke ƙirga tsabar kuɗi ya kai.

Duk da haka, akwai wuraren da iyaye ke bukatar taka-tsantsan, kuma mafi girmansu shi ne hoto. Hoton fatar da ta tsattsage yana motsa zuciyar masu bayarwa fiye da kowane bayani, shi ya sa ake sha'awar sa shi. Amma yaron da aka ɗauki hotonsa yana shekara 4 zai kai shekara 14, lokacin da kunyar jiki ta fi ƙarfi, kuma intanet ba ta mantuwa. Ana iya ba da labarin ba tare da nuna fuska ko tsiraicin jiki ba, kuma in yaron ya kai ya fahimta, haƙƙinsa ne a tambaye shi kafin a faɗa wa duniya ciwonsa. In ya ce a'a, a bari. Na biyu shi ne abin da ake gaya wa mai tara kuɗin. Yaro ƙarami yana iya ɗauka cewa in ya cika zagayensa ƙanwarsa za ta warke, sai mako ya zagayo cutar ta taso, ya ga kamar shi ya gaza. Gaskiya ta fi masa amfani: kuɗin za su taimaki iyalai irin nasu, su taimaki masu neman magani, amma ba za su canza daren gobe ba. Bai kamata kuma abin ya zama hanya ɗaya tilo da zai samu yabo a gida ba, domin yaron da ya gane cewa sai ya yi wa mai ciwo hidima ake ganin sa, an ƙara masa kaya ne.

Kuɗin ba na sayen magani ba ne, kuma wannan ya bambanta lamarin da neman taimakon da ake ji a gidajen rediyo a ƙasashen da majinyaci ke biyan komai daga aljihunsa. A Birtaniya ganin likita kyauta ne a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS, yaron da bai kai shekara 16 ba ba ya biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta a Ingila, a Sikotlan kuwa an soke wannan kuɗi ga kowa tun 2011. Abin da asibiti ba ya iya bayarwa shi ne lokaci. Ganawa da likitan unguwa 'yan mintuna ce, ganin ƙwararren likitan fata kuma sai an jira. Wannan gurbi ƙungiyoyin ke cikewa. National Eczema Society, da aka kafa a 1975, tana wallafa bayanai cikin harshe mai sauƙi, tana shirya makon wayar da kai a kowane watan Satumba, tana kuma tallafa wa bincike. Eczema Outreach Support, wadda wata uwa mai 'ya da ke da cutar ta kafa a Sikotlan a 2011, ta fi karkata ga iyalai: tana haɗa yara da takwarorinsu don su ga ba su kaɗai ba ne, tana kuma taimaka wa makarantu su fahimci bukatun ɗalibi mai ekzima. A Amurka akwai National Eczema Association tun 1988, wadda ta keɓe watan Oktoba. Ranar 14 ga Satumba kuma ita ce ranar cutar ta duniya.

Game da bincike, manyan gwaje-gwaje sun fi ƙarfin gudummawar yara. Asusun binciken lafiya na gwamnati ne ke ɗaukar da yawa daga cikinsu. Rawar ƙungiyoyin ita ce kai tambayoyin iyaye gaban masana, da taimakawa wajen samo iyalan da za su shiga gwaji. Abin lura shi ne yawancin amsoshin da aka samu a shekarun baya sun nuna abin da ba ya aiki ne. Gwajin da Jami'ar Nottingham ta jagoranta, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa na'urar da ke cire ma'adinan da ke hana ruwan famfo kumfa ba ta rage cutar. A 2017 aka samu cewa tufafin siliki na musamman masu tsada ba su ƙara komai ba. A 2018 masu bincike a Southampton suka nuna cewa man da ake zubawa a ruwan wanka bai da wani amfani a kan man da ake shafawa. A 2020 kuma gwaji kan jarirai kusan 1,400 ya nuna cewa shafe jariri da mai kullum tun daga haihuwa ba ya hana cutar zuwa. Ga iyalin da ke shirin cin bashi don sayen na'ura ko riga, sanin cewa ba ta aiki taimako ne na gaske.

An samu ci gaba a wajen masu matsananciyar cuta. A 2017 Amurka ta amince da allurar dupilumab, wadda ke toshe wasu saƙonnin garkuwar jiki da ke tayar da kumburi, a 2022 kuma aka faɗaɗa izininta har zuwa jarirai 'yan wata 6. Wasu magunguna na sha da na allura sun biyo bayanta. Suna da tsada ƙwarai, ba kowa ake ba ba, kuma danne cutar suke yi muddin ana amfani da su. Yara da yawa cutar takan yi musu sauƙi ko ta ɓace kafin su balaga, ko da yake fatarsu takan ci gaba da saurin bushewa, wasu kuma ta dawo musu a hannu idan suka kama sana'ar da ake yawan taɓa ruwa da sabulu, kamar jinya ko gyaran gashi ko girki. Wasu kuwa suna girma da ita. Saboda irinsu ne, duk lokacin da hukumar NICE ta zauna don yanke hukunci ko NHS za ta biya kuɗin wani sabon magani, ƙungiyoyin majinyata ke gabatar da shaidar yadda rayuwa da cutar take, daga rashin barci zuwa rasa ranakun makaranta da na aiki, kuma ana sa wannan shaida a ma'auni tare da sakamakon gwaji da farashin maganin.